Sunan da Muka Yi Kwana Shida Muna Nema

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a ƙofar shagona na ɗinki a unguwar Mamobi, nan Ankara ta bakin teku, ina lallashin ramin allura, don yanzu sai na roƙe shi kamar mai neman aure kafin ya karɓi zare, sai matar ɗana na fari ta leƙo ta tagar bene ta kwaɗa wa mijinta kira. Da sunansa. Sunan yanka tsirara, ba sakaye, ba ko "Baban wance". Wallahi masuntan da ke tsakiyar teku sun ji kiran nan, wasu ma sun amsa. Wai ya manta makullin mota. Shi kuwa gogan ya ɗaga kai yana washe baki kamar an ba shi sarauta. Ban yi fushi ba, yarinyar kirki ce, ita ke tuna mini da maganin hawan jini. Dariya ce ta kama ni har allurar ta faɗi. Na ce a raina, 'yata, da kin san gudun da aka yi kafin a samo sunan nan da kike jefowa ta taga kamar ɓawon lemo, da sai kin yi alwala kafin ki faɗe shi.

A Nima, unguwar da na tashi, nan kusa da Mamobi, suna ba abin yawo a titi ba ne. Lokacin gotar nan, wato babban lambatun da kuke toshe hanci in za ku tsallaka rafi ce mai gudu, da kwaɗi a ciki manya-manya, in ɗaya ya yi kuka sai ka ɗauka saniya ce ta ɓata. Ladan da maƙogwaronsa kawai yake tashin unguwa. Bayansa sai gurnanin dutsen niƙa, sai ƙarar bokitai a layin famfo guda ɗaya da muke da shi, sai matan Ankarawa suna tallan komi, tuwon masararsu, da kifi da murya kamar ana musu fashi. Ruwa in ya sauka a rufin kwano, magana ta ƙare, sai nuni da hannu. Zabarmawa, Mosawa, Dagombawa, Kotokoli, kowa ya kama Hausa ta inda hannunsa ya kai, ana ta tafiya. Amma duk wannan hayaniya ba ka jin an kira babba da sunansa. Mai Goro, Baban Tsakiya, Inna Mai Tuwo. Mace ta ce "shi", kowa ya gane wane shi. Za ka yi shekara ashirin kana cin tuwo a gidan mutum, ranar da wani baƙo ya zo nemansa da sunan yanka, ka rantse masa babu mai wannan suna a duk Nima.

A cikin masu riƙon wannan al'ada, kakata ta wajen uba ita ce shugaba. Koko take sayarwa. Ni ne mai ɗebo mata ruwan tata tun ina ɗan mitsitsi, kuma ladana bai taɓa wuce ƙosan da ya ƙone ba. Gwiwoyinta sun daɗe da yin ritaya, a zaune take salla, a zaune take mulki, ludayi ne sandar sarautarta. Ina ce mata Amarya, tana ce mini Mijin Banza. Hausarmu ta Ankara kullum tana ba ta ciwon kai. "Ku 'ya'yan yanzu, mace ma ya zo, akuya ma ya zo. Allah ya sawwaƙe!" Mijinta na gaskiya, wato kakana, ya rasu tun Baba bai gama famfarar haƙori ba, a tsohon Zango na cikin gari, kafin a kafa Sabon Zango, lokacin da Nima daji ce da shanu. Duniya ta san shi da Dogo Soja. A gidanmu kuwa labarinsa kullum ƙaruwa yake. An ce a yaƙin Tonawa, mutanen kurmi, shi kaɗai ya kori rundunar mutane. Da labarin ya biyo ta bakina sai da ya kori har giwayensu, duk da Tonawa ba su zo da giwa ba. Abu ɗaya ne ba mu sani ba: sunansa. Abokansa sun mutu, maƙwabtan tsohon Zango sun watse. Mutum ɗaya ya rage da sunan a duk faɗin duniya, ga ta nan tana tace koko.

Ranar da matata ta haihu, ɗan fari, namiji, ni ina ta yin kamar ban san an yi ba, don a zamaninmu ɗan fari ko kallonsa ba ka yi a gaban mutane. Baba ya kira ni bayan gida. Ya daɗe yana aikin dako a bakin ruwa, idanunsa sun fara yana, kuma a damtsensa akwai wata laya da ta yi baƙi kamar busasshen kifi, wadda uwarsa ta ɗaura masa ranar da uban ya cika. Ko wanka da ita yake yi. In ka tambaye shi, ita ta kare shi ranar da akwatin kaya ya faɗo daga jirgi, ita ta hana kwalekwale kifewa, ita ta hana shi sanƙo.

Ya ce, "Baƙon nan da ya zo, sunan babana nake so a sa masa."

Na ce, "To, Baba, ai sai a sa. Mene ne sunan?"

Ya murza layar. "Lokacin da aka haife ka na roƙi Inna, ta ƙi. Na ce da sauran lokaci. Yanzu ka ga idona, ka kuma ga shekarunta. In ta tafi da shi, mutumin nan ya mutu sau biyu ke nan. Kwana shida gare ka. Ran na bakwai liman zai tambaye ni, kuma ba zan ce masa Dogo ba."

Na ce kwana shida ma ya yi yawa, ai Amarya ba ta iya yi mini gardama. Na je na zauna gabanta na fara jero sunaye, da dabarar in na faɗi na gaskiya fuskarta za ta tona. Ina faɗin na farko ta ja mayafi ta rufe fuska. Na yi tsalle, na ce na samu! Don tabbatarwa na faɗi na biyu, ta sake rufewa. Na uku, haka. Na ƙare sunayen annabawa, na shiga na sahabbai, tana rufewa tana buɗewa kamar tagar da iska ke kaɗawa. Da na ce "Kofi" ma, sunan Tonawa, ta rufe, sai dai na ga kafaɗunta suna rawa a ƙarƙashin mayafin.

"Amarya, don Allah ki ji tausayi. Rago na ɗaure."

"Mijin Banza, maigidana kifi ne da za ka zo kana gwanjonsa? Tashi kafin ludayi ya tashe ka."

Kashegari muka kawo liman. Ya yi mata bayani mai daɗi, ya ce babu zunubi ko kaɗan. Ta saurara har ya gama, ta ce, "Malam, ni ma na san ba zunubi ba ne. Bakin ne ba ya iyawa. Sau ɗaya ya faɗa mini, ya ce in riƙe. Bai ce in raba ba." Liman ya sha kokonsa ya tafi. Amma a rana ta uku, ina wucewa, wani abu ya bugi ƙafata. Makulli ne, ɗaure da tsumma. Kaka ba ta ko dube ni ba. "Akwatinsa na ƙarƙashin gado. Abin da takarda ta faɗa, ba ni na faɗa ba." A nan na gane tsohuwar nan ta fi mu son a samo shi.

Zuciyata kamar za ta fito ta riga ni buɗewa. Akwatin ƙarfe ne, da na ɗaga murfin wani wari ya fito wanda ya girmi Baba. Ina tsammanin takobi, ko aƙalla haurin giwa. Sai na tarar da jar dara da asu ya ci rabinta, da alƙaluman kara, da kurtun tawada da ya bushe tun ruwan Annabi Nuhu, da takardu biyu naɗe a cikin tsohon rawani. Ɗaya da ajami, ɗaya da Turanci mai hatimin Sarauniya.

Ta ajamin na karanta da kaina, don na yi allo. Rubutu ne mai kyau, a jere kamar sahun salla, kuma rayuwarsa ce ya lissafa. Shekarar da na sauko daga jirgin Ikko, igiyar ruwa ta jefa ni gaɓa da takalmi ɗaya. Shekarar da muka shiga kurmi, ruwa ya yi ta zuba har bindigogi suka ƙi tashi. Shekarar da ƙafata ta lalace. Shekarar da na gina ɗaki kusa da mahauta. Ranar da na auri 'yar mai koko. Ranar Talata da aka haifa mini ɗa, Allah ya raya. Ina karantawa da ƙarfi, Baba na zaune ya sunkuyar da kai, don bai taɓa sanin ran Talata aka haife shi ba. Na juya takardar gaba da baya, na ɗaga ta a rana. Ni, ni, ni, daga sama har ƙasa. Wa ke rubuta sunansa a takardar da ya rubuta wa kansa?

Rana ta huɗu na ɗauki ta Turancin na nufi cikin gari, wurin wani tsohon akawu Ba'ankare da ke rubuta wa mutane wasiƙa a gindin bishiya. Ya sa tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya, ya yi gyaran murya kamar alƙali.

"Aboci, wannan takarda ya tsufa fa. Sallama ne na soja. Mutum dogo, tsage uku a kowane kunci. An ɗauke shi a Ikko."

Na kira shi yadda Ankarawa ke kiran dattijo: "Ata, bar tsage. Sunan!"

"Suna... Dogo Hausa."

"Wannan ai ba suna ba ne, kwatance ne!"

"Bature ya tambaye shi, shi bai faɗa ba, Bature ya duba sama ya rubuta abin da ya gani. Ni mene ne laifina?"

"To, karanta wajen yaƙi. Mutum nawa ya kora?"

Ya bi layin da yatsa. "Aikinsa busa begila."

Begila! Jarumin da na shekara ina tsorata yaran Nima da shi, ashe ƙaho yake busawa. Na ji giwayen da na ƙara suna ficewa ɗaya bayan ɗaya. Sai akawun ya yi dariya ya ce akwai saura: sau biyu an hukunta shi, don ana tsakiyar fareti ya ajiye begilar ya ta da salla, sojoji suka tsaya cirko-cirko ba mai busa musu. Na karɓi takardata na dawo ina taƙama fiye da yadda na tafi. Korar Tonawa kowa ma zai iya a baki. Amma a bar Bature tsaye a rana sai an sallame, wannan sai kakana.

Taƙama dai ba ta raɗa suna. Kwana biyu suka rage. Mata sun fara surfe, wanzami ya aiko tambaya, ragon ma in ya gan ni sai ya yi wani kuka mai kama da gori. Rana ta biyar na zauna ina jujjuya kayan akwatin, sai na tsaya a kan alƙaluman.

"Amarya, me mai busa begila yake yi da tawada?"

"Kai dai ba ka da kai. Da ƙafar ta lalace, da me zai ci da mu? Littafi yake kwafa wa limamin mahauta. Ya yi shekara yana kan wani, na yabon Manzo, har na fara kishi da shi."

"Ina mahautan suke yanzu?"

"Sun koma Sabon Zango da masallacinsu da ƙudajensu."

Na miƙe tsaye. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san wannan: mai kwafar littafi in ya kai ƙarshe, a warƙar ƙarshe, wato fallen takarda na ƙarshe, yake rubuta sunansa da na ubansa, ya roƙi mai karatu addu'a. A nan kaɗai mutum irin kakana zai yarda ya ambaci kansa.

Rana ta shida tun da sassafe ina cikin motar katako, an matse ni tsakanin kwandon kaji da wata mata mai faɗin kwando biyu. A Sabon Zango na yi ta tambaya har aka kai ni zauren wani malami tsoho tukuf, ɗan wancan limamin. Da na ce jikan Dogo Soja ne ni, ya kama hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya ce yana yaro ya san shi, yana ɗingishi, yana raba musu dabino. Sunansa fa? "Mu yara ne, wa ya isa ya tambaya?" Ya sa aka ɗauko wata gafaka, ya kwance. Ga rubutun nan, sahu-sahu, irin na takardarmu sak. Littattafan da ba a ɗinke su, warƙa-warƙa suke, kuma a gindin kowace ana rubuta kalmar da ta gaba za ta fara da ita, don kada su rikice. Malam na ɗagawa a hankali kamar mai ɗaga jariri, ni kuwa ji nake kamar in fizge. Muka kai ta ƙarshe. A gindinta ga kalma tana jiran 'yar'uwarta. Bayanta sai fatar gafaka.

Na ce, "Malam, gara ta ci?"

"Gara ba ta zaɓe. Shi ya cire da hannunsa. Mahaifina ya ba ni labari. Da ciwon ajali ya kama shi, ya aiko a kai masa littafin, ya zare ta ƙarshe, ya sa aka kira baduku ya ɗinke ta a fata. Ya ce ta ɗansa ce, don zai bar shi cikin baƙi."

Ban tuna ko na yi sallama ba. Na san dai ban jira mota ba. Daga Sabon Zango zuwa Nima na wuce keke uku da mota biyu, wani doki ma ya tsaya ya ba ni hanya. Na faɗa gida bayan la'asar, mata na tsakar gida ana suyar cincin, Baba na kan tabarma. Na nuna damtsensa ina haki, na kasa magana sai da aka ba ni ruwa.

Na yi musu bayani. Kaka ce ta fara magana, kuma ban taɓa jin muryarta haka ba. "Ba a buɗe laya. In aka buɗe ta mutu. Ni ya miƙa wa, ya ce in ɗaura wa yaro, na ɗaura. Shekara nawa tana tsaron ɗana, yanzu ku farke ta?" Ita ba ta karatu, duk tsawon shekarun nan ta ɗauka maganin tsari ne, haka shi ma Baba. Ni ma kuma ba ni da tabbas. In muka farke muka tarar da hatimin tsari ne kawai, na raba Baba da abu ɗaya da ubansa ya bar masa, a banza, ana gobe suna.

Baba ya daɗe yana shafa ta. Can ya ce, "Inna, in tsari ce, ta yi aikinta, ga ni har na ga jika. In kuwa saƙo ne, ya daɗe a hanya." Ya kwance igiyar, wurin ya fito fari fat kamar ba jikinsa ba. Ya miƙo mini. "Kai ne tela. Bi ɗinkin, kada ka taɓa takardar."

Na farke riguna sun fi dubu, amma ban taɓa bin ɗinki a hankali irin na ranar ba. Fata ta farko, fata ta biyu, sai zare naɗe, sai takarda an ninke ta ƙanana-ƙanana. Na buɗe. Kalmar farko ita ce wadda na baro tana jira a Sabon Zango. Na yi ihu har kajin maƙwabta suka watse. Aka kira liman ya karanta, don ni idona ya cika da ruwa, kuma ba zan iya faɗin sunan kakana da bakina ba. Liman ya karanta a hankali. An gama littafin nan da hannun bawan Allah mai rauni, wane ɗan wane, sunan uwarsa wance, daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau. An kama shi yana yaro a hanyar gona, daga makarantar ubansa ya fito. An sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku, kowane ubangida da sunan da yake kiransa, har ya gudu ya shiga soja. Wannan sunan ne kaɗai ba a ƙwace masa ba. Wanda ya karanta ya yi masa addu'a da shi.

Duk muka juya muka dubi Kaka. Ba ta ja mayafi ba. Ta dafa turmi, matar da gwiwoyinta suka shekara goma ba su taɓa ƙasa ba, ta sauko daga kujera ta durƙusa har ƙasa, kanta a sunkuye, yadda take yi in ya shigo gida. Ta ce, "Sannu da zuwa."

Baba, mai furfura, ya rufe fuska da hannun riga. Ni kuwa da na rasa abin yi sai na fita na rungume ragon.

Da safe liman ya tambaya, Baba ya matsa ya raɗa masa a kunne, aka yi fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗa wa duk Nima. Kaka na ɗaki ta toshe kunnuwa tana murmushi. Da aka kawo mata jaririn an yi masa aski, ta karɓa ta ce, "Maigida, ka dawo ba haƙori?" Ta waigo ta dube ni. "Mijin Banza, na sake ka. Mai ɗakin ya iso." Har ta rasu Maigida take kiransa, in ya rarrafo kuma sai ta gyara ɗaurin kallabi. Warƙar kuwa, bayan sati Baba ya sa na raka shi Sabon Zango, ya mayar da ita gafakarta da hannunsa, don duk wanda ya sauke littafin ya yi wa mutumin addu'ar da ya roƙa. Ya ƙara shekaru masu yawa ba laya, ba abin da ya faɗo masa. Sanƙo ne kawai ya zo, kuma har ya koma ga Allah yana cewa ni na jawo masa.

Yanzu an rushe gidan, an dasa bene. Famfo na cikin ɗaki, ladan na da lasifika, suna kuma na kan kati, na kan ƙofa, na kan bakin kowa. Ba na cewa namu ya fi, don mun kusa kashe mutum da kunya. Jiya ma surukar tawa ta kawo mini shayi ta ce, "Baba, me ya sa ban taɓa jin ka kira shi da sunansa ba?" Na ce mata ɗan fari ne, kuma kakana ne, bakin ba ya iyawa. Ta yi ta dariya, ta ɗauka cikin barkwancina ne.

Ku ma na san kun zuba ido ku ga na rubuta shi a nan. Alƙalamin ma ba ya iyawa. Mai son ji ya zo Mamobi da hantsi ya tsaya a ƙarƙashin tagar bene. Mutumin kullum sai ya manta makulli.